Ƙuri'ar ƙafa: gwamna na tsoron wanda ya tattara kayansa?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo ta nan a warware mini. Ana cewa babban amfanin tsarin tarayya shi ne talaka na da ƙuri'a biyu. Ɗaya wadda yake dangwalawa ranar zaɓe, ɗayar kuma ƙafarsa. In gwamnanku ya kashe makarantu ya lafta haraji, ba sai ka jira shekara huɗu ba, ka tattara naka ya naka ka tsallaka jihar da ke gaba, ba biza ba fasfo. Wai tsoron haka ne ke sa gwamnoni shiga taitayinsu. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Charles Tiebout, shi ya tsara maganar a 1956, ko da yake shi kan ƙananan hukumomi ya gina ta. Ni dai hankalina ya ɗauka, gida biyu ai maganin gobara ne. To amma in haka ne, me ya sa ake samun jihohin da mutane ke ta ficewa shekara da shekaru, jam'iyya ɗaya kuwa tana nan daram kan kujera?

Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, amsarka tana cikin aljihun gwamna. Ka tambaya daga ina kuɗin da yake kashewa ke fitowa. A Amurka kaso mai tsoka na kuɗin jiha daga mazaunanta yake fitowa, harajin albashi da na saye da sayarwa da na gidaje. Teksas da Fulorida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga na mutum ko kaɗan, Kalifoniya kuwa tana kai wa kashi 13.3 cikin ɗari ga manyan masu samu. A irin wannan wuri duk wanda ya tashi, ya tashi da wani abu daga baitulmalin jiha, dole gwamna ya ji a jikinsa.

Yanzu ɗauki tarayyar da jihohi ke rayuwa da kason wata-wata daga tsakiya. Najeriya misali ce kusa. Daga asusun tarayya gwamnatin tsakiya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. Wajen raba na jihohin, kashi 40 daidai wa daida ake yi, kashi 30 bisa yawan jama'a, yawan jama'ar kuma daga ƙidaya ake ɗaukarsa, ƙidayar ƙarshe kuwa ta 2006 ce. In mutum dubu ɗari sun bar jihar gobe, kason gwamna ba zai ragu da ko sisi ba. Abin da ya ragu shi ne masu neman gado a asibiti da masu neman aiki. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Abu Safwan:
Wato tafiyar ma sauƙi ce gare shi.

Mai Lissafi:
Har addu'ar sauka lafiya zai yi musu.

Ummu Nana:
Bari in tofa nawa, tunda ni na yi irin wannan ƙaura da kaina. Muna zaune a Amurka, shekarun baya maigidana ya sami aiki a wata jiha muka tashi. Bayan 'yan makonni na je ofishin lasin tuƙi in canza nawa zuwa na sabuwar jihar. Na kai takardar hayar gida da ta kuɗin lantarki, matar da ke kan tebur ta duba, ta ɗauki hotona, sannan ba tare da ta ko ɗago kai ba ta ce ko ina so a yi mini rajistar zaɓe. Na ce e. Shi ke nan. Akwai dokar tarayya ta 1993 da ta wajabta musu yin wannan tambaya. A zaɓen da ya biyo baya na zaɓi gwamna da magajin gari da hukumar makarantu a garin da ban kai shekara ɗaya a cikinsa ba, ba wanda ya tambaye ni inda aka binne kakana.

Kuma ba kuɗi kaɗai ke bin mutum ba, har kujera. Duk shekara goma ana ƙidaya, a sake raba kujeru 435 na majalisar wakilai. Bayan ƙidayar 2020 Teksas ta ƙaru da biyu, Fulorida da ɗaya, Kalifoniya ta rasa ɗaya, karo na farko a tarihinta. New York ta rasa tata saboda giɓin mutum 89 kacal. Mutum 89 fa, ko babbar mota biyu ba su cika ba. Tunda ƙuri'un zaɓen shugaban ƙasa ma da yawan kujerun ake lissafa su, ka ga duk wanda ya yi ƙaura ya ɗan gusar da fadar shugaban ƙasa ko bai sani ba.

Tsohon Malami:
Hajiya kin kawo abin da ya kamata a fara da shi. Sai dai kada yaran nan su ɗauka haka ƙasar ta tashi. Daga wajajen 1916 zuwa 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan shida suka bar jihohin kudu zuwa Shikago da Detroit da New York da sauran biranen arewa da yamma. A kudu an toshe musu ƙuri'a da jarabawar karatu da harajin zaɓe da barazana. Ƙafa ce kaɗai ta rage musu. Masu manyan gonaki kuwa da suka ga ma'aikata na zubewa ba gyara suka fara yi ba. Dokoki suka kafa kan masu zuwa ɗibar ma'aikata, aka riƙa kama mutane a tashoshin jirgin ƙasa, aka hana jaridar baƙaƙe ta Shikago yawo a wasu garuruwa.

Inda abin ya yi tasiri shi ne can inda suka sauka, don a can suna da ƙuri'a. A 1928 Shikago ta tura Oscar De Priest majalisar wakilai, baƙar fata na farko da ya shiga daga wata jiha ta arewa. Sannu a hankali masu neman shugabancin ƙasa suka gane ba a cin jihar Illinois ko ta Michigan, inda Shikago da Detroit suke, a yi watsi da waɗannan mutane. Daga nan matsin ya koma kan gwamnatin tsakiya, har aka kai ga dokar 'yancin zaɓe ta 1965. Ku lura da hanyar da abin ya bi. Gwamnan Mississippi bai gyara halinsa don mutane sun gudu ba. Waɗanda suka gudu ne suka sami murya a wani wuri, suka zagayo ta sama aka tanƙwara shi.

Abu Safwan:
Ranka ya daɗe, wannan ai ya ƙara wa maganata ƙarfi. Ko ta sama ko ta ƙasa, ƙafar ta yi aiki.

Tsohon Malami:
Ta yi, bayan shekara hamsin, kuma da sharaɗi. Cire ƙuri'ar da suka samu a Shikago ka ga me zai rage.

'Yar Jami'a:
Baba Malam, ni abin da ke damuna daban ne. Su wa ke tafiya? Mai digiri, mai sana'a a hannu, matashi mai jini a jika, wanda ke da kuɗin mota da na haya. Su ne kuma da sun zauna za su iya tsayawa takara ko su rubuta ƙorafi ko su tara mutane. Tsoho da mai ƙaramar gona da matar da ke da yara shida ba inda za su. A aji an koya mana littafin Albert Hirschman na 1970 da ya raba hanyoyin nuna rashin gamsuwa gida biyu, ficewa da ɗaga murya, ya ce sau da yawa ta farkon tana cinye ta biyun. To ashe sauƙin ƙaura na iya zama gata ga mugun shugaba.

Tsohon Malami:
Allah ya yi miki albarka 'yata, kin taɓo wurin. Akwai ma masu yi da gangan. James Michael Curley ya yi magajin garin Boston sau huɗu tsakanin 1914 da 1950. Magoya bayansa talakawa ne 'yan asalin Ireland, abokan hamayyarsa tsofaffin masu kuɗin garin. Ya riƙa muzanta su yana karkatar da ayyuka unguwannin mutanensa, suna ficewa bayan gari, garin na tsiyacewa, shi kuwa ƙuri'arsa na ƙara tsabta. Wasu masana biyu, Glaeser da Shleifer, har sunansa suka sa wa wannan dabara. Fidel Castro na Kuba ma a 1980 ya buɗe tashar ruwa ta Mariel, mutum wajen dubu 125 suka haye Amurka, ya rabu da ƙaya.

Amma kada mu tsaya a nan, don Hirschman da kansa ya dawo ya gyara maganarsa bayan abin da ya gani a Jamus ta Gabas. Tsakanin 1949 da 1961 sama da mutum miliyan biyu da rabi suka tsere yamma, likitoci da injiniyoyi da malamai, har hukuma ta gina katangar Berlin a watan Agustan 1961. A 1989 da Hungary ta buɗe iyakarta da Austria mutane suka sake kwarara. A wannan karon ficewar ce ta tayar da muryar. A birnin Leipzig na Jamus ta Gabas masu zanga-zanga da farko suna cewa muna so mu fita, daga baya sai wasu suka ɗauki muna nan ba inda za mu. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya tafi ya gane ba shi kaɗai ya gaji ba. Watan Nuwamba katangar ta faɗi.

Lauyan Unguwa:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Sauƙin ƙaurar da Hajiya ta ba da labari a kotu aka ƙwace shi, ba kyauta aka ba su ba. Kalifoniya ta taɓa yin dokar da ta haramta shigo da matalauci daga wata jiha, kotun ƙoli ta rushe ta a 1941. Jihohi suka koma cewa sai ka shekara kafin ka sami tallafin gwamnati, aka rushe a 1969. Kalifoniya ta sake dabara, ta ce sabon zuwa a shekararsa ta farko abin da tsohuwar jiharsa ke biya za a ba shi, aka rushe a 1999. Kowace jiha na son mai kuɗi ya shigo, matalauci ya tsaya inda yake. In ba a sami wata hukuma a sama da za ta hana ba, gasar sai ta koma ta tura wa maƙwabci nauyi.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 kuwa baki biyu gare shi. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zirga-zirga da zama ko'ina. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali. Sashe na 15 ma ya ɗora wa hukuma tabbatar da cikakken haƙƙin zama ga kowane ɗan ƙasa a ko'ina. Sai ka zo sashe na 147 ya ce shugaban ƙasa ya naɗa minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha, kuma dole ya zama ɗan asalinta. Tsarin rabon muƙamai na sashe na 14 ma a aikace da asali ake auna shi. Jikinka na da izinin tafiya, haƙƙinka kuma an ɗaure shi a turken kakanka.

Ɗan Ci-rani:
Barista kamar ka san abin da ke cina. Shekarata goma sha tara a jihar da ba tawa ba. Nan na yi aure, nan aka haifi 'ya'yana duka, kowane wata ana cire haraji daga albashina ya shiga asusun jihar nan. Da babbar 'yata ta sami gurbin jami'a ta nemi tallafin karatu na jiha, aka ce ta kawo takardar shaidar asali. Na je ofishin da ake bayarwa da takardar haihuwarta da shaidar biyan harajina na shekara uku. Jami'in ya jujjuya su, ya karanta sunana a hankali, ya turo mini su ta kan tebur da yatsa ɗaya ya ce, Malam ai ku can za ku nema. Na yi tafiyar yini guda zuwa can. A can kuma aka ce ba su san yarinyar ba, sai na nemo wanda zai shaida ya san mahaifina. Yarinyar da ko hanyar garin ba ta sani ba, ita ce 'yar asalinsa a takarda.

Ummu Nana:
Subhanallahi. To a ina kake zaɓe?

Ɗan Ci-rani:
Gaskiya Hajiya katina na can. Lokacin zaɓe in na sami hali in je, in ban samu ba shi ke nan. Zaɓe biyu da suka wuce ban je ba.

Mai Lissafi:
Kun gani ko. Harajinsa na wannan jiha, sunansa a lissafin waccan, ƙuri'arsa a cikin akwati ƙarƙashin gado. Gwamnan da yake biya ba ya bukatar ƙuri'arsa, gwamnan da zai zaɓa ba ya bukatar kuɗinsa. Wace gasa za a yi a kansa? Kujeru 360 na majalisar wakilai ma suna nan yadda aka yanka su tun kafin 1999, duk cikar da birane suka yi.

Alhaji Mai Masana'anta:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Kuna ta maganar mutane, kun manta da jari, alhali shi ya fi kowa ƙafa. Kuma ni na ga gasar na aiki. A Indiya kamfanin Tata ya kusa gama ginin masana'antar ƙaramar motarsa Nano a Singur ta jihar Bengal ta Yamma, rikicin fili ya tashi, a watan Oktoban 2008 ya kwashe komai ya koma Sanand a Gujarat. Narendra Modi ne babban ministan Gujarat lokacin, kuma da irin wannan suna na mai jawo masu zuba jari ya hau har ya zama firaminista a 2014. Ba don akwai jihohi da yawa ba, da kamfanin ko dai ya haƙura ko ya bar ƙasar.

'Yar Jami'a:
Alhaji a gafarce ni, amma ba a ƙarasa labarin ba. Mamata Banerjee da ta jagoranci korar masana'antar ita ta ci zaɓen jihar a 2011, ta kawar da gwamnatin 'yan gurguzu mai shekara 34. A 2016 kuma kotun ƙolin Indiya ta ce karɓe filin manoman ya saɓa doka. Wanda ya jawo kamfanin ya ci riba, wadda ta kore shi ma ta ci riba.

Alhaji Mai Masana'anta:
To ai gwamnatin da ta kasa sasanta manoma da kamfani ita ta faɗi. Hukunci ya hau kan wanda ya dace.

Mai Lissafi:
Alhaji, ranka ya daɗe, matsalata da gasar jari ita ce wa ke biyan kuɗinta. A 2017 Amazon, babban kamfanin ciniki ta intanet na Amurka, ta ce tana neman inda za ta kafa hedikwata ta biyu, birane da yankuna 238 suka miƙa tayi, kowa na zuba rangwamen haraji. Ƙarshe ta zaɓi gefen Washington da New York, wuraren da ko ba tayi ma'aikatan da take so suna can, kuma a 2019 ta janye daga New York da mutanen gari suka yi ca. Birnin Kansas ya fi ban dariya. Iyakar jihohin Kansas da Missouri ta ratsa tsakiyar yankin, kamfani sai ya matsa 'yan kilomitoci ya tsallaka titi, ya karɓi rangwame a matsayin wanda ya kawo sababbin ayyuka, ma'aikatan nan kuwa ko gida ba su canza ba. Sai 2019 gwamnonin biyu suka yi sulhu. A Ostareliya jihar Queensland ta soke harajin gado a 1977, sauran jihohi suka bi don kada tsofaffin masu kuɗi su kwashe, gwamnatin tarayya ma ta soke nata a 1979. Jiha ɗaya ta yanke wa kowa. Abin da aka rage wa mai iya tashi, a kan wanda ba ya iya tashi ake cike shi.

Alhaji Mai Masana'anta:
Ko kuma gwamnati ta rage almubazzaranci. Kai akawu ne, ka san in ba a matsa ba ba a tsuke bakin aljihu.

Ummu Nana:
Ni ma zan ɗan rage wa maganar gudun masu kuɗi gishiri. Ana yawan faɗinta a nan duk lokacin zaɓe, amma binciken da Cristobal Young ya yi kan takardun haraji ya nuna miloniyoyi ba su kai talakawa yawan canza jiha ba. Kasuwancinsu da abokan hulɗarsu da makarantar yaransu duk a wuri ɗaya suke. Ƙaura gaba ɗaya ma ta ragu, a shekarun 1950 da 1960 kusan mutum ɗaya cikin biyar ke canza gida a shekara, yanzu bai kai ɗaya cikin goma ba. Barazanar tafiya ta fi tafiyar kanta aiki a majalisa.

Tsohon Malami:
Kada mu yi wa tarayya rashin adalci. Ba mugun abu kaɗai ke yaɗuwa ba. Yankin Wyoming na Amurka ya ba mata ƙuri'a a 1869, shekara hamsin da ɗaya kafin ƙasar baki ɗaya ta yi a 1920. A Kanada lardin Saskatchewan ne ya fara inshorar lafiya ta kowa da kowa a 1962, likitoci har yajin aiki suka yi, bayan shekara huɗu tarayya ta ɗauka. Gani ya kori ji. Mutum ko bai tashi ba, in ɗan'uwansa na tsallaken iyaka ya kira shi ya ce mu nan ana biyan albashi ranar 25, ya sami ma'aunin da zai auna nasa gwamnan.

Akwai kuma amfanin da ba a cika faɗa ba. Tarayya na ba wanda ya faɗi zaɓe wurin fakewa. A Meziko jam'iyyar PRI ta yi shekara 71 tana mulki. 'Yan adawa sun fara da cin jihar Baja California a 1989, Vicente Fox ya yi gwamnan Guanajuato, daga nan ya ci shugabancin ƙasa a 2000. A Najeriya zaɓen 2003 ya share gwamnonin jam'iyyar adawa ta AD na kudu maso yamma ban da na Legas, aka riƙe wa jihar kuɗin ƙananan hukumomi, ta rayu da harajinta, kuma kowa ya ga inda wannan gwamnan ya kai bayan shekara ashirin. Inda mulki duka ke hannu ɗaya, wanda ya faɗi ya faɗi warwas, shi ya sa zaɓe ke zama ko a mutu ko a yi rai.

Mai Lissafi:
Baba Malam ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ta rayu da harajinta. Jihar da ke jiran kaso ba ta iya adawa ta daɗe, shi ya sa gwamnoni ke sauya sheƙa zuwa jam'iyyar da ke tsakiya.

Tsohon Malami:
Na yarda, ka kama ni.

Lauyan Unguwa:
Akwai wani juyi da ba mu taɓo ba. In mutane suka kwarara birane, jihar da aka bari ba ta rasa kujerunta na majalisar dattawa. Wyoming ba ta kai mutum dubu ɗari shida ba, Kalifoniya na da wajen miliyan 39, kowacce sanata biyu. Najeriya uku-uku ne da ɗaya na Abuja, 109. Duk wanda ya bar ƙaramar jiha zuwa babba ya rage wa ƙuri'arsa nauyi, ya ƙara wa ta wanda ya zauna. Indiya kuwa dakatar da agogon ta yi gaba ɗaya. A 1976 aka daskarar da rabon kujerun majalisa tsakanin jihohi bisa ƙidayar 1971, a 2001 aka tsawaita zuwa bayan 2026, don jihohin kudu irin su Tamil Nadu da Kerala da suka rage haihuwa kada a hukunta su da rage kujeru. Ɗan Bihar da ke aikin gini a Mumbai sau da yawa sunansa na rajistar ƙauyensu. Kuma a Mumbai ɗin ne aka kafa jam'iyyar Shiv Sena a 1966 kan cewa baƙi sun ƙwace wa 'yan gida ayyuka. Baƙon da ba ya zaɓe a inda yake shi ne mafi arhar abin yaƙin neman zaɓe, ka zage shi ka sami ƙuri'a, ba abin da za ka rasa.

Abu Safwan:
To Barista, in asali ne matsalar, a soke shi mana a koma wurin zama.

Lauyan Unguwa:
Faɗa da baki. Ƙaramar ƙabilar da ke ganin cikin shekara ashirin baƙi za su rinjaye ta a ƙasar kakanninta ba za ta yarda cikin sauƙi ba, kuma tsoronta ba na banza ba ne. A Amurka bayan dokar 1854 da ta ce mazauna Kansas su zaɓa ko a yi bauta ko a'a, ɓangarorin biyu suka yi ta tura mutanensu su je su cika akwati, aka ƙare da zubar da jini. Lardin Quebec na Kanada ya kafa dokar fifita Faransanci a 1977 saboda irin wannan tsoro, masu jin Ingilishi da yawa suka fice, kamfanin inshora na Sun Life ya sanar da komawa Toronto a 1978. A ƙuri'ar raba gardama ta 1995 masu son ɓallewa sun sha kaye da tazarar ƙuri'a kusan dubu 54 kawai. Habasha ta bi ɗaya hanyar a kundinta na 1995, ta yanka jihohi bisa ƙabila har da 'yancin ɓallewa a sashe na 39, sai wanda ke zaune a jihar da ba ta ƙabilarsa ba ya zama kamar ɗan haya. Kowace hanya da kurarta.

Ummu Nana:
Ɗan Ci-rani, ka bar batun takardar asali tukuna, wannan ba a hannunka take ba. Katin zaɓe fa? Ba a canza masa wuri?

Lauyan Unguwa:
Ana canzawa Hajiya. Doka ta yarda mai rajista ya nemi a mayar da sunansa mazaɓar da yake zaune, in hukumar zaɓe ta buɗe rajista. Ba a tambayar asali a nan. Tsayawa takara ma kundin bai ce sai ɗan asali ba ga gwamna ko ɗan majalisa, jam'iyyu da jama'a ne ke sa wannan shingen.

Ɗan Ci-rani:
Na sani Barista. Abin da ke hana ni, in na mayar da katin nan, can gida za a ce na yar da su, kuma ran da yaran za su sake neman wata takarda can ɗin dai zan koma. A nan kuma ko na zaɓa ba za a daina ce mini ku can za ku nema ba.

Mai Lissafi:
Ku nawa ne irinka a unguwarku?

Ɗan Ci-rani:
A layinmu kaɗai gida goma sha ɗaya ne, bakwai duk baƙi ne irina. Wanda na san yana zaɓe a nan mutum ɗaya ne, shi ma matarsa 'yar nan ce.

Mai Lissafi:
Kansilan mazaɓarku da ƙuri'a nawa ya ci?

Ɗan Ci-rani:
Wallahi ko sunansa ban sani ba. Bari in tambayi maƙwabcin nawa in an fito sallar isha'i.